Rabin Hoton Yana Wurina

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da duk wanda idonsa ya kai kan takardar nan. Zaman Chaina wahala ne, kada wani ya gaya muku wani abu daban. Ban fara da wannan don neman uzuri ba, so nake ku san inda nake tsaye. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya yanke mini hukunci ya daure ya karanta har ƙarshe, in ya gama sai ya faɗi abin da ya ga dama. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Ban ba kowa ya rubuta mini ba saboda maganar ba ta jin kunne na biyu ba ce.

Ni mutumin Kano ne, na haura arba'in da biyar, fataucin yadi nake yi. Tun kafin Turawa su mayar wa Chaina Hong Kong da shekara uku nake hawa jirgin ƙasa daga can ina shigowa Guangzhou, lokacin da in ka ga baƙin mutum a titi sai ka tsallaka ka rungume shi ko ba ka san daga ina ya fito ba. Na yi sati uku ba abin da ke shiga cikina sai burodi da dafaffen ƙwai da ruwan zafi, saboda tsoron naman alade. Na tsaya a bakin titin Liuhua Lu da kaya a ka, tasi goma sun wuce ni, kowane ya kalle ni ya ƙara wuta. Wata mata ta taɓa shafa hannuna a cikin bas ta duba yatsunta ko baƙin ya fita. Zafin garin mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Duk na shanye. Da ƙaramar na'urar lissafi na buɗe wa kaina kasuwa: in danna nawa, mai kaya ya goge ya danna nasa, mu yi ta yi har ɗaya ya gaji. Turancina na kasuwa ne, bai fi cikin cokali ba. Yarensu kuwa kalma huɗu na sani: nihau wato sannu, sheshe wato na gode, lauban wato maigida, sai meyo wato babu. Da waɗannan huɗun na cika kwantena, kuma ina alfahari da haka, don ni a ganina saye na zo yi, ban zo zama ɗan Chaina ba.

Akwai abokina, zan kira shi Ɗanlami, ba sunansa ba ne. Layinmu ɗaya muka tashi, na girme shi da shekara biyu, Yaya Alhaji yake kira na. Uwarsa, Inna, ita ta riƙe ni rabin ƙuruciyata bayan tawa ta rasu, a kwano ɗaya take zuba mana. Da kasuwarsa ta durƙushe ni na ce ya biyo ni. Ni na nuna masa inda ake sauka, ni na nuna masa Canaan inda ake sarin wanduna da riguna, ni na kama hannunsa na kai shi wani shagon yadi a unguwar Liwan inda na fi ciniki, na ce wa mai shagon, wanda kowa ke kira Lauban, ga ɗan'uwana. Ranar ko gaisuwa Ɗanlami bai iya ba, a bayana ya rakuɓe.

Ni ina zuwa ina komawa, shi ya zauna yana haɗa wa mutane kaya. Na tafi gida na yi wata huɗu na dawo, sai na tarar mutumin nan yana magana. Ba da hannu ba, da baki. Ya sayi ɗan littafi yana rubuta duk abin da ya ji da ajami, ya tare mai shara, ya tare mai gadin otal, ya tare mai sayar da lemo, su yi ta yi masa dariya shi ma yana taya su. Kafin shekara biyu ta cika har faɗa yake yi da direban tasi. Ashe yaren ma biyu ne, akwai na gwamnati akwai na 'yan garin, ya kama na farko ya fara lasar na biyu. Yana cin taliya da tsinke biyu. In mun je Juma'a tsohon masallacin garin, Musulmin Chaina masu fararen huluna shi suke tarewa, har suna suka raɗa masa, Lau Ma. Ni kuwa da na riga shi taka ƙasar, har yau ba wanda ya san sunana, halo kawai ake ce mini kamar ana buga waya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shagon Lauban. In na nuna samfur na ce ina son irinsa, sai a ce meyo. Ɗanlami ya shigo ya yi 'yan kalmominsa, sai ka ga an shiga ciki an fito da shi. A ja shi ɗakin baya a kafa masa shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, a buɗe masa sabon zanen da bai fito kasuwa ba, ni ina gaba a tsaye da na'ura a hannu kamar mai jiran sadaka. Ba zan yi masa ƙarya ba, kullum sai ya leƙo ya ce Yaya Alhaji shigo mana, kuma duk abin da aka nuna masa sai ya nuna mini. To wannan ɗin ne ma ya fi zafi. Ni da na kawo ka, yau kai ne mai yi mini iso? Mutanen Kantin Kwari da suke ba ni sautu suka fara cewa in na isa in gaishe musu da Ɗanlami. Daga baya ko gaisuwar ba sa ba ni, kai tsaye suke nemansa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma na gwada. Na sayi kaset na koyon yaren a ɓoye, in kulle banɗaki in kunna ruwa don kada na ɗakin kusa su ji, in yi ta maimaitawa. Muryar sai ta hau ta sauka kamar waƙa, harshena kuwa ya riga ya bushe. Sati biyu ina haddar jimla ɗaya, na je wani shago a Canaan inda ba a san ni ba na faɗe ta. 'Yan matan shagon suka dubi juna, ɗaya ta toshe baki ta shige bayan kaya, ina jin dariyarta. Mutum da furfura a gemu. Na fito na jefa kaset ɗin a kwandon shara. Daga ranar na zama babban mai wa'azin cewa koyon yaren nan zubar da kai ne.

Wata Juma'a muna cin abinci a gidan abincin Musulmin Chaina, mu wajen takwas, gardamar ta tashi. Wani mai fitar da kaya ɗan zangon Kumasi ya ce Turanci ya ishi kowa, su 'yan Chaina su ya kamata su koya tunda duniya suke son sayar wa kaya. Wani ɗan Maraɗi ya ce shi Faransancinsa a filin jirgi ya ajiye shi, in zai koma ya ɗauka, aka yi dariya. Ni na ce yau yare, gobe tsinke, jibi mutum ya manta alƙibla. Ban kalli kowa ba amma kowa ya san da wa nake. Ɗanlami ya ajiye tsinkensa yana murmushi ya ce:

"Yaya Alhaji, ba kai ba ne kake zagin wanda ya shekara ashirin a Kano bai iya ina kwana ba? Ka ce yana cin arzikin gari yana raina masu gari. To mu nan garin wa muke ci?"

Aka kwashe da dariya, har ɗan Kumasin yana buga tebur yana cewa Alhaji an kama ka. Ni ma na yi dariyar. Amma ban sake taɓa abincin nan ba.

Shekarar da bikin sabuwar shekararsu ya zo tare da ƙaramar Sallah, garin ya mutu kwana da kwanaki, ba shago ko ɗaya. Ranar da Lauban zai sake buɗe nasa ya gayyaci masu sayen kayansa, mu Hausawa mu shida muka je. Ɗanlami ya sa farar shaddarsa ta Sallah da hula. Duk wanda ya san shagunan nan ya san a ƙasa, jikin bango, akwai wani ɗan jan akwati da suke kunna wa turare suna jera masa lemo, abin bautarsu ne. To dab da akwatin nan uwar Lauban take zama, tsohuwa tukuf, 'yar ƙanƙanuwa, a kan wata 'yar kujera da ba ta kai gwiwa ba. Ranar tana miƙa wa kowa lemo. Mu duka muka karɓa daga tsaye muka ce sheshe. Ɗanlami kuwa da ya zo gabanta sai ya tattara rigarsa ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu biyu, yadda aka koya mana a gaban Inna, ya gaishe ta da yaren 'yan garin. Tsohuwar nan ta yi ta dariya ba haƙori ko ɗaya. Shagon ya ɗauki tafi. Lauban ya dafa kafaɗarsa yana nuna wa mutane shi. 'Yar Lauban, babbar mace ce ita ke riƙe da shagon, tana ta haska kyamara ko'ina.

Ku duba fa. Abin da ya yi ba na Chaina ba ne, namu ne, tarbiyyar gidanmu ce, kuma ni ma na san ita ce daidai. Me ya hana ni durƙusawa? Girman kai. Kuma da na ga an tafa masa sai na ji kamar ni aka mara.

Bayan kwana goma na koma shagon ni kaɗai, Ɗanlami ya tafi wata masana'anta a wani gari. 'Yar Lauban ta miƙo mini ambulan ta ce Lau Ma, ta yi alama in kai masa. A ɗakina na buɗe, da rana tsaka bayan azahar, ba zan ce dare ne ya ruɗe ni ba. Hoto ɗaya ne. Ga Ɗanlami a durƙushe, kai a ƙasa, hannu biyu a miƙe da lemo a ciki. Ga jan akwatin a gabansa hayaƙi na tashi, lemo a jere. Tsohuwar tana can gefen dama, a bakin hoton. Na daɗe ina kallo. Na sa babban yatsana na rufe ta, don in gani kawai. Da na ga abin da ya rage, mutum a durƙushe a gaban abin bauta, wallahi daɗi na ji. Almakashin da nake yankan samfurin yadi yana kan gado. Yanka ɗaya na yi, a miƙe.

Kun san yadda muke yi: duk mai tafiya gida sai an tara masa wasiƙu da kaset-kaset, in ya isa ya zube su a wani shago a Kwari inda kowa ke zuwa ya ɗauki nasa. Satin da na koma Kano mu uku muka sauka, kowa ya zube nasa a kwali ɗaya. Na sa hoton a ambulan mara suna na cusa a tsakiya. Mai shagon ya buɗe don ya ga na wane ne. Kafin la'asar hoton ya zaga layi uku. Da aka kawo mini ana tambaya, ni ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba, na girgiza kai na ce Allah ya shirya. Da wannan na dinga lallashin kaina, wai ai ban yi ƙarya da bakina ba.

Na rantse da Allah iyakar nufina 'yan kasuwa su gani, su ɗan ja baya da shi, ya san shi ma mutum ne. Ban kawo Inna a raina ba. Amma wa ya isa ya tsayar da hoto in ya shiga hannun mutane? Ya kai ga yayan Ɗanlami, mutum mai zafin addini, shi kuma ya kai mata. Kwana uku sai ga aike, Inna tana nemana. Na same ta a kan tabarma, hoton yana kife a gabanta, ko kallonsa ba ta son yi. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa da tsawo ba, ta ce:

"Kai ne babba, kai na ba amanarsa. Abin nan da idonka ka gani?"

Na ce, "Inna, ina wurin."

Shi ke nan abin da na faɗa. Ba ta yi kuka da murya ba, hawayen kawai ke bin fuskarta. Can ta ce a gaya masa kada ya tako mata gida, ranar da ya tako za ta ɗaga masa nono. Sannan ta ɗora hannunta a kaina ta ce ni da na shiga cikinsu na fito da addinina, Allah ya yi mini albarka. Na ce amin. Jama'a, na ce amin. Albarkar ɗanta aka juye mini a ka, na buɗe baki na karɓa. Da zan tashi idona ya kai kan hoton da yayan, wanda ke zaune a gefe, ya juya, sai na ga a can ƙasa, bakin inda na yanka, ɗan kan baƙin takalmin tsohuwar ya rage. Har yau ba wanda ya lura da shi.

Wata bakwai ke nan, ni kuma na dawo Chaina. Ɗanlami ya buga waya gidan maƙwabtansu ya fi a ƙirga, a je a kira ta ta ƙi tasowa. Ya aika kaset biyu, duka an dawo da su ko buɗe ledar ba a yi ba. Yayansa ya aiko masa da layi ɗaya, wai mun gani da idonmu. Ya rasa me aka gani. Ya so ya hau jirgi, amma yana tsoro, don har yanzu ba ta furta ba, in ya je ta gan shi za ta furta, kuma abin da uwa ta furta ba ya komawa. Saboda haka yana nan zaune yana tsare kansa daga bakin uwarsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ga shi an ce tun farkon damina ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita ko tsakar gida. Kuma wa yake kawo wa kukansa? Ni. Ya zauna a bakin gadona ya ce Yaya Alhaji me na yi wa Inna, ni kuma in ce ya yi ta addu'a. Wane irin mutum ne ni? Sautun da na yi duk wannan dominsa ma bai dawo hannuna ba, wasu can suka samu.

Shekaranjiya wani ya zo daga Kano wanda ya ga hoton da idonsa, ya kwatanta masa: farar shadda, lemo a hannu, jan akwati. Ɗanlami ya ce ai ranar buɗe shago ce, ai tsohuwa yake gaisarwa. Mutumin ya ce shi dai bai ga tsohuwa ba. Jiya da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in raka shi Liwan. Ta yaya zan ƙi?

Muka sami 'yar Lauban tana auna yadi. Ya fara yi mata magana, tana amsawa da fara'a. Ya sake tambaya. Sai fara'ar ta ɗauke. Ta ajiye ma'aunin, ta yi magana mai tsawo, a tsakiyar maganar ta ɗago ido ta dube ni sau ɗaya ta mayar. Ina tsaye tsakaninsu, taku ɗaya, ana maganar da za ta iya tone ni, kuma ban san ko an tone ni ba. A duk abin da ta faɗa kalma ɗaya na kama, meyo. Babu. Babu me? Babu fim ɗin kyamarar? Babu wani hoton? Babu wanda ta ba sai ni? Shekara huɗu ina taƙama ban buƙaci yarensu ba, jiya da za a ce in ba da kwantena guda a fassara mini minti biyun nan, da na bayar.

A cikin tasi na daure na ce me ta ce. Yana kallon waje ya ce fim ɗin ya ɓata. Muka sauka, ya ce mu ci abinci, ya zuba mini shayi da hannunsa kamar kullum. Bayan la'asar ya shigo ɗakina da kaset a hannu, ya ajiye a kan gadon, dab da almakashin nan, ban sani ba ko da gangan. Ya ce ya san saura kwana goma in tafi, ba ya son a zube wannan a kwali, so yake in kai da hannuna in zauna har ta saurara.

"Kai kana wurin ranar, Yaya Alhaji. Ka ga abin da na yi. Kuma Inna ba ta taɓa kama ka da ƙarya ba."

Na ce to. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce:

"In akwai wani abu da ya kamata a haɗa da kaset ɗin, ka haɗa."

Ya ja ƙofar a hankali.

Akwai abin haɗawa. Guntun da na yanke yana cikin bangon fasfo ɗina, tsohuwar tana dariya da hannunta a miƙe. Ban san me ya hana ni yar da shi ba, sau uku ina kai shi bakin kwandon shara. In an ɗora shi a gefen wancan zai zauna daram, har kan takalmin. Shi kaɗai zai wanke Ɗanlami, don in baki ne, na riga na ce wa Inna ina wurin na bar ta da abin da ta fahimta, yanzu in na koma na ce akwai tsohuwa, za ta ce me ya rufe mini baki wata bakwai. In kuwa na fito da guntun, ba mai tambayar wa ya yanka. Na yi tunanin in ce a shagon na tsinta. Na yi tunanin in sake cusa shi a ambulan mara suna. Amma wa zai kai wa Inna, kuma in yayan ya yaga fa? Matar da ta ciyar da ni, in durƙusa a gabanta in ce ni ne? Ta janye hannun da ta ɗora mini? Kwari kuwa ba sai na faɗa ba, ko 'ya'yana sai an nuna su da baki.

Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in ƙarasa. Har yanzu ina jin haushinsa. In ya sani ya yi shiru, to nan ma ya fi ni, kuma wannan fin ya fi na yaren ciwo. Me ya sa bai shaƙe ni ba? Me ya sa bai tara mutane ya tozarta ni ba, in samu abin riƙewa? Komai sai ya yi shi da kyau?

Yau da safe na yi wanka na ɗauki fasfo ɗin na tafi Liwan ni kaɗai, wai in tambayi matar nan abin da ta gaya masa. Sai da na tsaya a gabanta na tuna ba ni da bakin tambaya. Na ce nihau. Ta dube ni, ta ci gaba da awonta. Na ciro na'urar lissafi daga aljihu, na dube ta, na mayar. Zan juya sai na ji ana taɓa ƙafar wandona. Tsohuwar ce a kan 'yar kujerarta, ta ɗago lemo tana miƙo mini, tana wannan dariyar tata. Ban yi shawara da kaina ba, sai ji na yi gwiwoyina sun kai ƙasa, hannuna biyu a miƙe, kaina a sunkuye, hayaƙin jan akwatin yana shiga idona. Na daɗe a haka. Da akwai mai kyamara, da shi ke nan.

Lemon yana nan gabana a kan tebur, kusa da kaset ɗin, ban iya ɓare shi ba. Takardar nan zan ba wani mai tashi gobe ya jefa muku, za ta riga ni isa. In na sauka Kano ba zan taka gidan Inna ba sai na ga amsarku, amma ku sani ƙafafunta suna ƙara kumbura, kada ku daɗe. Wanda zai zage ni ya zaga, amma bayan zagin ya gaya mini. Me zan yi?